Littafin barga: bin sawun ɓarin goɗiyoyi da cutar EHV-1

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin masu kiwon dawaki da 'yan'uwana likitocin dabbobi su riƙa bin aikin da muka fara a wata gonar dawaki da ke bayan gari. Sunan gonar zai zauna a tsakaninmu, haka muka yi da mai ita. Goɗiyoyi goma sha ɗaya ne a wurin, takwas na da ciki. Sai ingarmu huɗu na hawa, da dukusai biyar da aka yaye bana. Haraba ɗaya suke kwana, kwami ɗaya suke shan ruwa.

Jiya da asuba wata goɗiya da ake kira Gunya ta yi ɓari tana wata tara. Da daddare ta cinye harawarta tas. Hantsarta ba ta cika ba, babu ruwan da ya riga ya ɗiga, babu wanda ya ji nishinta. Yaron barga ya zo zuba dusa ya tarar da ɗan tayin kwance cikin rigarsa, mabiyiya a haɗe da shi, uwar na tsaye tana karkaɗa wutsiya. Goɗiyar da bakteriya suka shiga mahaifarta takan ba da sanarwa: nono ya kawo kafin lokaci, ruwa ya riƙa fita. In tagwaye ne suka jawo ɓarin kuwa, kowa zai gani da idonsa. Amma ɓarin da ya zo bagatatan a watannin ƙarshe, ɗa sabo bai fara ruɓa ba, uwa lafiya lau, abin da likita zai fara kawowa a ransa shi ne ƙwayar bairos ta dangin hapis da ake kira EHV-1.

Na feɗe ɗan tayin a kan leda, can nesa da barga. Ina tsaga ƙirji sai ga ruwa mai launin ɗorawa ya cika shi, haka ma cikin ciki. Huhun ya yi nauyi, a jiƙe yake, in ka danna da yatsa gurbin ya zauna. Saifa ta kumbura. A kan hanta kuma, sai da na sa yaro ya haska mini da fitilar waya, na ga 'yan ɗige-ɗige farare a warwatse kamar an barbaɗa tsabar gero. Wuraren da naman hantar ya mutu ke nan. Na yanko hanta da huhu da saifa da wani yanki na mabiyiya, kashi ɗaya a kan ƙanƙara cikin kula don gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, kashi ɗaya cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓa, don duba shi a madubin likita. Sauran mun haƙa rami mai zurfi mun binne da farar ƙasa.

Abin da ya hana ni barci shi ne labarin da yaron ya ba ni daga baya: kafin a kira ni, sauran goɗiyoyin sun zagaye wurin suna shinshinawa. Ɗan tayi da ruwansa da mabiyiya cike suke maƙil da wannan ƙwayar cuta, ta hanci kuma take shiga.

Laraba, 11 ga Disamba

Ban jira sakamako ba. Na zauna da Alhaji, mai gonar, na ce, "Ranka ya daɗe, daga yau doki ba zai shiga ba, ba zai fita ba, sai an yi kwana 28 cur ba a sake ganin komai ba." Ya ɗan yi jim, don akwai bikin da aka roƙi aron ingarmu biyu, amma ya amince.

Gunya tana can ita kaɗai a rumfar ƙarshen gona, da bokitinta da tsintsiyarta da yaronta. Masu ciki bakwai mun raba su gida uku, muka bar kowace tare da waɗanda ta saba da su, domin haɗa goɗiya da wadda ba sa shiri yana jawo cizo da harbi, wahala kuwa ita ce ke tayar da cutar. An rufe kwamin nan na kowa da kowa. Inda aka yi ɓarin daɓen ƙasa ne, ba ya wankuwa, saboda haka an kankare saman ƙasar an kwashe, an ƙone shimfiɗar ciyawa, an zuba farar ƙasa, aka bar wa rana. Bokitai da ragama da linzami kuwa sabulu tukuna, sannan bilic, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma. Ƙwayar tana da rigar maiƙo a bayanta, sabulu ma yana lalata ta, amma bilic ba ya aiki a kan kashi da laka, sai an fara wankewa. A waje ba ta cika wuce mako guda da rai ba, sai dai in ta samu inuwa da laima, nan takan kai wata.

Da na bi tarihi, zaren ya fara fitowa. A ƙarshen Oktoba an sayo sabon doki daga wata kasuwar kan iyaka, ya sha doguwar tafiya a mota, aka ɗaure shi a turken da ke kusa da dukusai ranar da ya iso. Cikin Nuwamba dukusan suka yi ta majina da ɗan tari, biyu suka ƙi cin abinci kwana biyu, kowa ya ce shigowar hunturu ce. Wannan ya yi daidai da halin cutar: a jikin ƙananan dawaki mura ce kawai, ɓari kuwa yakan biyo baya daga mako biyu har zuwa wata huɗu. Duk da haka ban ɗora wa baƙon laifi kai tsaye ba. Mai yiwuwa shi ya kawo ta, mai yiwuwa kuma zuwansa ne ya hargitsa barga, ta farka a jikin ɗaya daga cikin 'yan gida.

Talata, 17 ga Disamba

Na sayo ma'aunin zafi, ɗaya ga kowane rukuni, muka rataye allo a ƙofar kowace rumfa. Safe da yamma za a auna kowane doki ta dubura a rubuta. Doki mai lafiya yana tsakanin 37.5 da 38.5. Duk wanda ya haura haka a kira ni, ko da tsakar dare ne.

Dattijon da ke shugabantar yaran barga, wanda ya fi shekara talatin yana wannan aiki, bai ji daɗin abin ba. Ya ce, "Likita, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Doki na da ciwo tun daga nesa nake gane shi." Na ce, "Baba, ban yi musu ba, idonka ya fi nawa a kan doki. Amma wannan zazzaɓin yakan zo da dare ya tafi kafin hantsi, dokin na cin abincinsa, kunnuwa a tsaye. Ya kan lafa kwana biyu ya sake dawowa. Ma'aunin zai tsaya mana gadi lokacin da muke barci." Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce shi zai riƙa auna masu ciki da hannunsa, yara su ji da sauran.

Na yi musu bayanin abin da ya sa wannan cuta ta fi sauran wuyar sha'ani. Danginta ɗaya da ƙwayar da ke fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan rashin lafiya, waɗanda muke cewa zazzaɓi ya yi kashi. Ita ma in ta shiga jikin doki ba ta fita. Takan laɓe a wani kullin jijiya da ke cikin kai da kuma kaluluwar maƙogwaro da ƙirji, ta yi shekaru shiru. Ranar da doki ya wahala, ko doguwar tafiya, ko yaye, ko sauyin barga, ko wani ciwon, sai ta farka ta sauko hanci, ya riƙa raba ta ba tare da shi ya nuna alama ba. Yawancin dawakin duniya tun suna 'yan watanni suke ɗaukarta daga iyayensu mata. Ta doki ba ta kama mutum, amma na ce kowa ya sa safar hannu in zai taɓa abin ɓari, don akwai wasu cututtukan ɓari da ke kama mu.

Juma'a, 27 ga Disamba

Danda, ɗaya daga cikin masu cikin, ta haihu daren Litinin, kusan a kan lokacinta. Ɗan ya zo da rai, namiji, mai farin goshi irin na uwarsa. Yara har sun fara yi wa Alhaji barka a waya.

Da na iso na tarar awa uku da haihuwa bai miƙe ba. In an tallafe shi ya tsaya, ƙafafu na rawa, ya kai baki hantsa ya kasa kamawa. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi ɗorawa, farin idon ma haka: shawara. Haƙarƙarinsa na shiga yana fita da sauri, ƙofofin hanci a buɗe wangalau. Muka tatsi dakashin uwar na ba shi ta roba ta hanci, na sa masa ruwa a jijiya da maganin kashe bakteriya don tare abin da zai biyo baya, muka lulluɓe shi da bargo saboda sanyi. Baba ya kwana zaune da kan ɗan a cinyarsa yana juya shi lokaci-lokaci. Ranar Laraba ya ɗan ɗaga kai ya yi haniniya siririya, uwar ta amsa. Jiya da azahar ya cika.

Ɗan da ya kamu tun yana ciki a makonnin ƙarshe, huhunsa da hantarsa da garkuwar jikinsa sun riga sun lalace kafin ya shaƙi iskar duniya. Kaɗan ne ƙwarai ke tsira ko a manyan asibitocin dawaki na Turai. Na san haka tun daren farko, na kuma faɗa wa Alhaji, amma ba a zuba wa mai rai ido. Danda ta yini tana kewaya rumfa tana kira, nono na zuba. Abin ya taɓa kowa.

Ɗan da aka haifa a haka yana fitar da ƙwayar cutar da yawa, don haka rumfarsu ta shiga sahun ta Gunya. Lissafin kwana 28 ya koma farko.

Litinin, 30 ga Disamba

Sakamakon Gunya ya iso: EHV-1 a hanta da huhu da mabiyiya.

Ga waɗanda suka tambaye ni yadda ciwon hanci ke kashe ɗa a ciki. Ƙwayar takan fara hayayyafa a hanci da maƙogwaro, daga nan ta shige cikin fararen ƙwayoyin jini, su ɗauke ta su zaga da ita jiki har mako biyu ko uku, a ɓoye daga sojojin garkuwa da ke yawo a jini. In ta isa mahaifa mai tsohon ciki sai ta kama bangon ƙananan jijiyoyin jini, su kumbura, jini ya daskare ya toshe su. Mabiyiya ta saki bangon mahaifa farat ɗaya, ɗan ya shaƙe. Shi ya sa yake fitowa sabo cikin rigarsa, shi ya sa kuma ɗibar jinin uwa ranar ɓari ba ya faɗa maka komai: abin ya riga ya wuce ta makonni da suka gabata. Ɗan tayi da mabiyiya su ne shaida. Wanda ya jefa su bola ko ya bar wa karnuka ya zubar da amsarsa, ya kuma shuka cutar.

Tsohuwar cuta ce. A jihar Kentaki ta Amurka aka fara gane ta a farkon shekarun 1930, inda likitoci biyu, Dimock da Edwards, suka lura da ɓarin da ba bakteriya ke jawo shi ba. Sai a shekarun 1980 aka tabbatar cewa abin da ake ɗauka ƙwaya ɗaya ce ashe biyu ne: EHV-1 mai ɓari da shanyewar ƙafafu, da EHV-4 wadda galibi a mura take tsayawa.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Abin da nake tsoro ya leƙo. Akawal, tsohuwar goɗiya marar ciki, allonta ya nuna 39.2 ranar 27 ga Disamba da yamma, kashegari ya sauka. Ba don allon ba da babu wanda zai san ta yi zazzaɓi. Jiya Baba ya kira ni ya ce tafiyarta ta sauya.

Tana jan kofaton baya a ƙasa, in ta juya ƙugunta ya yi lilo, ƙafa ɗaya ta taka ɗaya. Na kama wutsiyarta na ɗaga, babu ƙarfi ko kaɗan, ta faɗo yaraf. Fitsari na ɗiga a cinyoyinta ba tare da ta tsuguna ba, mafitsara kuwa cike tam. Hankalinta garau, tana cin abinci, tana gane mai kiranta. Aikin da ƙwayar ta yi a jijiyoyin mahaifar Gunya shi ta yi a jijiyoyin jinin lakar Akawal. Wannan nau'in ya fi kama manyan dawaki, ba kasafai ake ganinsa a dukusai ba, kuma yakan bayyana kamar mako guda bayan zazzaɓi.

Na tsaya na tace sauran abubuwan da ke iya kama da shi. Babu tarihin cizon kare, ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba. Cutar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta damina ce, alamunta kuma kumburin kai da kumfa a hanci. Murar da ta kashe jakuna masu yawa a yankin Sakkwato da Nijar a 2018 zuwa 2019 tari ne mai tsanani da ke bin garke cikin 'yan kwanaki, ba ta shanye ƙafa. Na ɗauki majinar can cikin hanci da jini don gwaji.

Na zura mata roba na zubar da fitsarin, za a riƙa yi sau biyu zuwa uku a rana. An shafe cinyoyin da man shafawa don kada fitsari ya ƙona fata. Na ba ta allurar rage kumburi, an cika rumfar da yashi da ciyawa mai kauri, an kawar da duk abin da za ta iya karo da shi. Akwai maganin bairos na mutane, balasaikulobiya, da ake ba dawaki, amma awonsa wajen miligiram 30 ne ga kowane kilo, sau uku a rana a kwanakin farko. Goɗiya mai kilo 350 za ta sha ƙwaya ashirin da ɗoriya masu miligiram 500 a zama ɗaya. Ya fi amfani kuma in an fara shi tun lokacin zazzaɓi. Na shimfiɗa wa Alhaji lissafin, muka tsaya a kan jinya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Akawal na tsaye har yanzu, wannan shi ne babban abu. Dokin da ya ci gaba da tsayuwa yakan warke, wanda ya kwanta ya wuce yini da kwana bai tashi ba, da wuya. Yau ta ɗan matse wutsiya da na taɓa ta.

Litinin, 20 ga Janairu

Kili ta yi ɓari jiya, wata takwas. Tana cikin waɗanda suka shinshina wurin Gunya. Wannan karon yaron da ya gani bai taɓa komai ba: ya janye abokiyar zamanta, ya rufe ɗan tayin da leda, ya wanke hannu, ya kira ni. Cikin rabin awa an gama kwashewa. Na yaba masa a gaban kowa.

Alhaji ya zo ransa a ɓace, da gaskiyarsa. Wani abokinsa ɗan wasan folo ya ce masa akwai allurar riga-kafi, me ya sa ba a yi wa sauran ba tun Disamba? Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai ta, kuma za mu yi. Ana yi wa goɗiya a wata na biyar, na bakwai da na tara na ciki. Tana rage yawan ƙwayar da doki ke fitarwa, tana rage ɓari a garke. Amma ba ta korar wadda ta riga ta shiga jini, ba ta hana ta laɓewa, kuma babu wani kamfani da ya ce tasa na kare doki daga irin ciwon Akawal. Waɗannan goɗiyoyin sun gamu da cutar kafin a kira ni. Ban ga amfanin a kama su a soka musu allura suna tsakiyar wannan hali ba."

Na ba shi labarin Balensiya ta ƙasar Sifen. A Fabrairun 2021 cutar ta ɓarke a wajen wata gasar tsallake shinge, dawakin da suka bar wurin suka kai ta ƙasashe da dama, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da gasanni a ƙasashe goma na Turai, dawaki 18 suka mutu. Dawaki ne na miliyoyin kuɗi, da likitoci a kansu dare da rana, wasunsu ma an yi musu riga-kafin. Abin da ya ci su cunkoso ne a rumfa ɗaya da iska ɗaya. Abin da ya tsayar da ita kuma hana zirga-zirga ne da aunin zafi, irin wanda Baba ke yi da asuba.

Ra'ayina, kuma zan faɗe shi ko'ina: a ƙasarmu mun fi yarda da abin da ya fito daga sirinji. Mai doki zai biya kuɗin allura da murna, amma ka ce ya gina katanga tsakanin masu ciki da masu fita hawa sai ya ga ɓarnar bulo ce. A wannan cuta katangar ta fi allurar aiki, in an haɗa su biyun kuma ya fi kyau.

Lissafi ya sake komawa farko, daga 19 ga wata.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Bikili ta haihu jiya da dare, mace. Ta miƙe kafin awa ɗaya, ta kama nono kafin awa biyu, mabiyiya ta faɗo kafin awa uku, yadda ake so. Na shimfiɗa mabiyiyar a ƙasa na duba ƙahonninta biyu, cikakkiya ce, babu inda ya yage ya saura a ciki. Dasashin 'yar ja ne mai kyau, numfashi a natse.

Na tsaya sai da na ga ta sha dakashi ta ƙoshi. Ɗan doki ba ya samun garkuwa ta cibiya, da komai nasa fayau yake zuwa, dakashi ne ke ba shi, hanjinsa kuma yana rufe ƙofar karɓa cikin yini guda. Har yanzu akwai masu tatse nonon farko su zubar wai yana sa zawo. Don Allah a bari.

Akawal ta fara fitsari da kanta tun ƙarshen Janairu, an daina sa mata roba. Gwajinta ma ya nuna EHV-1. Tafiya ta daidaita sosai, saura ɗan jan ƙafar hagu in ta gaji.

Talata, 18 ga Fabrairu

Kwana 28 sun cika shekaranjiya ba zazzaɓi, ba ɓari. An buɗe ƙofa ga ingarmu da dukusai. Masu ciki huɗu da suka rage suna nan a keɓe har sai kowace ta sauke, tunda cutar na iya yin wata huɗu kafin ta nuna aikinta.

Ƙofa na buɗewa wani makiyayi daga ƙauyen da ke kusa ya kawo goɗiyarsa barbara. Na ɗaga wutsiya na ga ƙananan gyambuna zagaye a bakin farjinta, wasu sun yi ɓawo, wasu sun warke sun bar fararen tabo. Wannan 'yar'uwarsu ce, EHV-3, wadda ake ɗauka wajen barbara. Ba ta jawo ɓari, ba ta hana ɗaukar ciki, takan warke da kanta cikin mako biyu zuwa uku. Amma in ingarma ya hau zai kwasa, gabansa ya yi ciwo ya ƙi hawa, ya kuma raba wa na gaba. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri ka koma da ita, ka riƙa wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, ka kore ƙuda. In ta warke sarai ka dawo, a bakin gona za a yi, ba cikin barga ba." Ya ce bara ma ta yi haka bayan an kai ta wani wuri.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya yi nisa, maganar hawan salla ta taso. An aiko neman ingarmu uku. Ban hana ba, kuma ba zan so a hana ba. Don wannan rana ake kiwon su, yaran barga kuma shekara guda suke jiran su ga dokinsu cikin kwalliya. Amma hawa shi ne duk abin da wannan ƙwaya ke so a wuri ɗaya: ɗaruruwan dawaki daga gari-gari, hanci da hanci a wajen jira, ƙura, rana, gajiya, bokiti ɗaya na zagaya dawaki goma, linzami na aro.

Ga abin da muka tsara. Kowane doki zai tafi da bokitinsa da linzaminsa, an rubuta sunansa da fenti. Yaran da za su bi su ba za su shiga wajen goɗiyoyi ba sai sun yi wanka sun sauya kaya. In sun dawo, rumfar da aka kafa a bakin gona za su sauka, can gefen da iska ba ta kaɗowa zuwa barga, su yi mako uku ana auna su safe da yamma. Duk sabon dokin da za a saya nan gaba ma nan zai fara zama.

An fara aza tubalin katangar masu ciki. Alhaji ne da kansa ya auna filin, ya ƙara taku goma a kan abin da na nema.

Wata goɗiyar ta haihu lafiya ranar Asabar. Saura uku.

Laraba, 9 ga Afrilu

An yi salla ranar 30 ga Maris, ingarmu sun dawo ranar 2 ga wata. Ranar Lahadi da yamma ƙaramin cikinsu ya nuna 39.0, da 'yar majina fara kamar ruwa da kumburin kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Yana cin abinci, yana haniniya in ya hango goɗiyoyi daga nesa. Baba ne ya kira ni, ya karanta mini lambar a waya kafin ma mu gaisa. An matsar da shi turken ƙarshe, na ɗauki majina da jini. Litinin zafin ya sauka. Mako ukun sauran biyun ya koma farko daga ranar.

A tsohon tsari, wannan dokin da yana shan ruwa kwami ɗaya da goɗiyoyi uku masu tsohon ciki.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Sakamakon ingarman ya nuna EHV-4 ce, ba EHV-1 ba. Ya warke. Su ukun za su koma barga ranar Litinin in allo bai nuna komai ba.

Ɗaya daga cikin ukun da suka rage ta haihu namiji lafiyayye makon jiya. Biyun ƙarshe ana sa ran su a Mayu da farkon Yuni, sun kuma wuce wata huɗu da ɓarin Gunya, amma ba su cika wata huɗu da na Kili ba, saboda haka suna nan inda suke. An duba mahaifar Gunya da ta Danda, babu ruwa, babu ciwo, an ba su ingarma. Wannan cuta ba ta lalata mahaifa, kuma ba kasafai goɗiya ke maimaita ɓarinta shekara biyu a jere ba, ko da yake garkuwar da ciwon ke bari ba ta wuce wata uku zuwa shida. Kili sai zagayowarta ta gaba.

Allurar riga-kafin ta iso daga waje. Tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba a daskarar da ita, don haka sai da aka haɗa firij ɗin gonar da sola kafin na yarda a kawo ta. Za mu fara da dukusan bara da ingarmu, allura biyu da tazarar wata guda, sannan duk wata shida. 'Ya'yan bana sai sun kai wata biyar, lokacin da garkuwar dakashi ta ja baya. Na rubuta wa Gunya da Danda watanninsu na biyar, bakwai da tara a bangon ofis, za a cike ranakun in ciki ya tabbata.

Katanga ta kai ƙirji, saura ƙofa da kwamin ruwa na ciki. Masu gonaki biyu da ke maƙwabtaka sun nemi in zo in nuna wa yaransu aunin zafi da yadda ake kwashe abin ɓari, mun sa ranar Asabar ta sama. Babbar salla na tafe a farkon Yuni, kusan tare da haihuwar goɗiya ta ƙarshe, don haka rumfar bakin gona ba za a kwance ta ba, za ma a ƙara mata rufin kwano kafin ruwa ya sauka.